Kunyar 'Yar Fari a Layin Awo

Zuwa ga mahaifiyata, Inna, wadda ke kwance a maƙabartar Malisa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta addini da ta biyayya irin wadda 'ya ke yi wa uwa, ina fatan Allah Ya sa kina cikin rahama da sauƙin kwanciya. Mu nan Kalgo muna nan. Maigidana Malam yana fita wurin gininsa, yara suna zuwa makaranta, ruwan sama ya fara ɗaukewa.

Ni na rubuta wannan da hannuna. Kin bar ni ina tsakiyar ajin yamma na matan aure, lokacin da kike ce mini, "Mi za ki yi da boko bayan hurhura ta hito?" To, ga abin da na yi da shi. Na san inda kike ba a kai takarda, kuma ko an kai sai an nemo mai karanta miki. Matan ajinmu ne za su karanta, da duk wadda ta faɗo wa a waya. Amma ke nake gaya wa, don ke ya kamata ki fara ji.

Labarin yarinyarki ne. Haka zan kira ta, kin san dalili. 'Yar fari ce, kuma a wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama tabarma ɗaya da shi, ba ta nuna ta damu da shi a idon mutane. Ba da baki kika koya mini wannan ba. Ni ma 'yar fari ce gare ki. A Dodoru na tashi hannun kakata, in na zo Malisa sai ki ce, "A ba baƙuwa ruwa," ki juya ki ci gaba da dakanki. Ban taɓa jin haushi ba. Haka na ga kowa yana yi.

Da na haifi tawa, ana yaye ta kika zo kika goya ta kika tafi. Ke kika yi mata kitso, ke kika kai ta allo, ke kika aurar da ita ga Sani mai albasa. Ina tuna yadda kike zolayarta in ta taso da tulu daga rijiya: "Ku dubi wagga mai ƙahwahun zalɓe, wa za shi kwashe ta?" Ita kuma ta ce, "Tsohuwa, ai naki na gado." Ni ina gefe ina tsince shinkafa kamar ban ji ba. Ina ji, Inna. Har ƙafafun ina kallo ta wutsiyar ido.

Tun da aka rufe ki ban yi wani kuka na kirki ba. Kin san yadda ƙafa ke yi in an daɗe ana zaune a kanta, ka taka ƙasa amma ba ka jin ƙasar? Haka nake. Ina dafa abinci, ina wanki, ina zuwa aji, ina amsa gaisuwa. In an yi abin dariya sai na ga wasu sun yi sannan in yi.

A haka aka kawo mini ita goyon ciki. Cikin fari ne, kuma al'ada ta ce a gidansu za ta haihu. Da kina nan ai ɗakinki za ta sauka, ni sai dai a aiko mini da labari in ce, "To, madalla," in tashi in shiga ɗaki. Yanzu ɗakinki an zuba buhunan gero. Sani ya kawo ta a bayan mashin, cikin ya shiga wata na bakwai, ya gaisa da Malam a ƙofar gida, ya bi motar albasa zuwa kudu.

Ba ki taɓa son unguwar nan tamu ba. Zuwanki na ƙarshe kika tsaya bakin ƙofa kika ce, "Wanga wuri ba shi da tsohi?" Gaskiyarki. Da muka zo gonar gero ce, muna jin ƙarar motocin Birnin Kebbi daga nesa. Yanzu bulo ne ko'ina, gida ya jingina da gida, kowa da ƙyauren ƙarfe a kulle. Ruwan wanka na gidan sama yana bi ta ƙofar gidan ƙasa, ya taru ya yi kore, sauro ya samu gari. Ruwan sha sai na 'yan garuwa. Maƙwabtanmu wasu daga Zuru, wasu daga Yawuri, wasu ɗalibai ne 'yan haya, wata shida sun tashi. Mutanen kirki ne, muna gaisawa. Amma babu wadda zan leƙa ta katanga in ce mata, "Goggo, zo ki dubi yarinyar nan." Ungozoma ma ban san ko akwai ta a unguwar ba.

Sai da na zauna da ita a ɗaki biyu da tsakar gida kamar tafin hannu na gane wani abu. A Malisa, in uwa ta kawar da kai daga ɗan fari, akwai idanu da yawa da ke kansa: kaka, goggo, matar kawu, tsohuwar gidan gaba. Abin da uwa ta ajiye, wasu suke ɗauka. Mu mun taho birni da kunyar, mun baro masu ɗaukar a ƙauye.

Haka muka zauna, ni da ita. In na gama tuwo sai in ce wa iska, "A zo a ɗauki abinci." In rana ta yi sai in ce, "A yi salla." Ita kuma ta ce, "To," idonta a ƙasa. Ba ta taɓa ce mini Inna ba, ke ce Innarta. In dole ta kama sai ta yi gyaran murya kawai.

Abin da na fara gani silifan Malam ne. Wata safiya na ga ta fito da su, manya, tana ja. Na ɗauka kuskure ne. Washegari ma haka. Sai na dubi nata a bakin ƙofa, na dubi ƙafarta. Ƙafafun zalɓen nan naki, Inna, sun zama kamar taɓarya. Idon sawu ya ɓace. Bayan kwanaki na ga zoben azurfar da kika ba ta a kan taga, hannun ya ƙi shi. Fuskar ma ta cika, da safe idanun kamar wadda ta kwana tana kuka. Tana ɗaure kai da ɗankwali tamau ta zauna a inuwa. Ran nan ta miƙa hannu za ta ɗauki moɗa, ta kama iska a gefenta, sai da ta lalubo.

Da ban iya karatu ba da na kwanta na yi barcina. Amma lokacin da nake kai autana rigakafi a ƙaramin asibitin garin nan, akwai wata takarda manne a bango mai hoton mace da ciki. Da ita nake gwada karatuna in layi ya yi tsawo, harafi bayan harafi, ina motsa baki. Kumburin ƙafa da fuska. Ciwon kai mai tsanani. Gani dishi-dishi. A garzaya asibiti. Na karanta ta har na haddace, ina jin daɗi wai na iya. Ban san ajiya nake yi wa kaina ba.

Kuma na tuna Tumba, matar ɗan'uwanki, da ta faɗi tana jijjiga a ɗakin haihuwa, aka yi ta hayaƙi ana cewa iska ce, har aka fitar da ita a makara. Ita ma sai da ƙafarta ta ƙi takalmi. Ba na cewa Malisa ba a mutuwa. Ana mutuwa, sai dai ana mutuwa cikin mutane.

Na gaya wa Malam. Shi ma 'yar fari ce gare shi, ko gaisuwarta a tsaye yake amsawa yana neman hularsa. Ya ce, "To, sai a nemi wadda za ta raka ta awo." Na ce wa? Ya ce, "A dai nema." Bai hana ba, bai kuma ce ni in je ba. Ya san abin da yake nufi mace ta bi 'yar farinta a titi da ciki a gaba, ta zauna ana tambayarta yaushe ta ga jininta na ƙarshe.

Na kira uwar Sani a waya. Ta yi dariya har tana tari. "Namiji na, Rabi! Haka ni kumbura da cikin Sani, kamar salka. Ku ba ta jiƙo, ku bar ta ta huta. Ku mutanen birni komi asibiti." Na ce to. Na kashe wayar na zauna ina kallon kwatami.

Na rage gishiri a miya. Na daina sa kanwa a kunu. Na ɗauko turmi na kife kusa da inda take zama, na ce wa iska, "A ɗora ƙafa a sama." Ta ɗora. Iyakar abin da kunya ta bar ni in yi ke nan, kuma ƙafar ba ta saɓe ba.

Daga nan na je wurin Asabe mai ƙosai. Ba ki san ta ba, benci ɗaya muke zama a aji, ita ce ƙawata a garin nan in har ina da ƙawa. Na same ta tana kwashe ƙosai daga mai, na roƙe ta ta raka mini yarinya. Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Ba za ni ba." Na ce don Allah. Ta ce, "Ko don Annabi ba za ni ba. In an ce a kwantar da ita, ni zan ce e? In an ce a wuce da ita Birnin Kebbi, ni zan bar kaskona in bi ta? Ke kika yi naƙudarta ko ni?" Na ce ai kin san al'adarmu. Ta nuna ni da matsami ta ce, "Shekara nawa kina fama da a, ba, ca, da, har malama na cewa kin fi mu ƙwaƙwalwa. Ashe duk don ki karanta bango ne ki dawo gida ki yi shiru? Kunya ba ta auna jini, Rabi. Ungo ƙosai ki kai mata, ban sa gishiri da yawa ba."

Na ji haushinta. A cikin watannin nan duka, shi ne abu na farko da na ji sosai.

Ranar awo na yi shara, na sallami yara, na sa hijabi. Na tsaya tsakar gida na ce, "A shirya, za a je asibiti." Ta ɗago ta dube ni, ta dubi ƙofa ko akwai wadda ta zo. Babu kowa. Ta shiga ta sa mayafi, ta zura silifan babanta.

A keke muka tafi, don ba za ta iya hawa mashin ba. Hanyar unguwarmu duk rami ce, ruwan damina ya cinye ta. Duk ramin da muka faɗa sai kafaɗarta ta bugi tawa. Rabon da jikina ya taɓa nata tun ranar da kika kwance ta daga bayana. Jikin da zafi. Ni ina kallon dama, ita tana kallon hagu, mai keke yana ta zagin hanya.

Asibitin yana nan yadda aka gina shi tun garin bai kai haka ba, ɗakunan ba su ƙaru ba, mutane ne suka ƙaru. Mata sun cika benci, sun cika baranda, wasu sun shimfiɗa zane ƙarƙashin dogon yaro. Akwai 'yan ƙauyen Wurogauri da suka yi sammako, akwai matan ma'aikata da jakunkuna, akwai irinmu na sababbin unguwanni da ba mu san juna ba. Malamar asibiti ɗaya ce a tebur da abin awon jini, wata tana ciki. Yarinyarki ta samu gefen benci ta zauna. Ni na koma can jikin bishiya na tsaya, kamar wadda ta zo jiran wani daban.

Rana ta take kafin layi ya zo kanta. Ina hango ta ta tashi da ƙyar, ta zauna gaban tebur, aka naɗa mata abin a dantse. Malamar ta matsa, ta duba. Ta kwance, ta naɗa a ɗaya hannun, ta sake dubawa. Na ga ta ajiye biro. Ta yi mata tambaya, yarinyar ta dafe kai da hannu biyu, ba ta amsa ba. Sai malamar ta miƙe ta ɗaga murya: "Wa ya zo da wannan?"

Ban motsa ba. Ta sake tambaya. Mata suka fara waige-waige. Sai na ga ƙafafuna suna tafiya.

"Ke ce kika kawo ta?" Na ce e. "Wace ce ke a wurinta?" Na ce ni na haife ta. "To Mama, jininta ya hau sosai, ba ta ma iya ba ni amsa. Yaya sunanta?"

Inna, shekara ashirin da wani abu sunan nan yana bakina ban taɓa fitar da shi ba. Ko a aji da aka ce kowa ta rubuta sunayen 'ya'yanta, daga na biyu na fara. Na buɗe baki na faɗa, amma hayaniya ta yi yawa, wani jariri yana tsala kuka. Malamar ta ce, "Ɗaga murya, Mama, ba ni da lokaci."

Na ce, "Habsatu."

Da ƙarfi ya fito, fiye da yadda na nufa. Sai yarinyar ta sauke hannu daga kanta, ta juyo, ta ce, "Na'am."

Ta ɗauka kiranta nake yi.

Wata tsohuwa a benci, da gani 'yar ƙauye ce irinmu, ta rufe baki da gefen mayafi. Sauran ko a jikinsu. Malamar ta rubuta, ta ci gaba da tambaya: wata nawa, ciwon kai tun yaushe, tana ganin duhu-duhu, ta taɓa zuwa awo. Na amsa duka. Ni kaina na yi mamakin yawan abin da na sani a kan yarinyar da ban taɓa tambaya ba. Ƙasa ba ta tsage ba. Ban ji kunya ba, ban ji daɗi ba.

Suka ba ta magani nan take, suka kwantar da ita a ciki, bayan azahar suka tura mu babban asibiti a Birnin Kebbi. Malam ya baro gini ya same mu can da siminti a ƙafa, ya tsaya bakin ƙofar ɗakin bai shiga ba, amma bai tafi ba. Mun yi kwanaki. Wata likita ta ce mini da mun ƙara jinkiri da sai dai a kawo ta tana jijjiga, kuma ba kowa ake samu ba in an kai nan. Ta faɗa tana duba wata majinyaciyar, kamar mai ba da labarin kasuwa. Na ce Allah Ya kyauta.

Yanzu mun dawo gida. Ba a gama ba, kada ki ɗauka an gama. Jinin ya sauka amma bai koma daidai ba. An ce kowane mako a kawo ta a auna, kuma ba za ta haihu a gida ba ko da wasa, wataƙila ma a cire ɗan kafin lokacinsa. Uwar Sani ta ce ba a taɓa yi musu haka a dangi ba. Na ce mata to, za a fara. Asabe tana aiko da ƙosai.

An koya mini wani abu a asibitin. Kowace safiya in sa babban yatsa in danna ƙaurinta, in ɗaga, in ga ko ramin ya zauna. Don haka kowace safiya ina durƙusawa gaban 'yar farina ina kama ƙafarta. Ranar farko ta janye, ta ce, "A bari." Na ce, "Miƙo." Ta miƙo. Ramin yana zama har yanzu, amma ba kamar da ba. Shekaranjiya ina dannawa ta ce, ba ta dube ni ba, "Inna cewa take ƙahwahun zalɓe gare ni." Na ce na sani, ina wurin. Na daɗe riƙe da ƙafar bayan na gama dubawa.

Akwai abin da nake so in tambaye ki. Ranar da kika faɗi a bakin murhu, ɓarin jikinki ya mutu, aka ce iska ta buge ki. Yanzu na san sunan abin, hawan jini. Shi ne dai wanda aka auna a dantsen Habsatu, kuma da an taɓa naɗa miki abin nan ko sau ɗaya, wataƙila da ke za ki riƙe ƙafar nan ba ni ba. Allah Ya riga Ya rubuta, ban ja da wannan ba. Amma da na iso daga Kalgo na zauna kusa da kanki, bakinki a karkace, kika dube ni kika yi wani sauti. Sau biyu kika yi. Har yau ban sani ba ko sunana ne ko ruwa kike nema. Ruwa na ba ki.

Ba na ganin laifinki. Kin so ni irin son da aka koya miki, kuma a Malisa ya isa, don akwai masu cike gurbin. Nan babu. Matan da za su karanta wannan, da yawa irina ne, sun baro tsofaffinsu a ƙauye sun shigo gidan bulo da 'ya'yan fari. Ba ni da abin da zan gaya musu da ya wuce abin da ya faru. In kina ganin na zubar miki da mutunci a gaban mutanen Wurogauri da na Zuru, ki yafe mini. Jibi ranar awo ce, kuma zan sake raka ta, in faɗi sunanta.

Allah Ya jiƙan ki, Inna, Ya haskaka makwancinki, Ya yafe miki abin da kika sani da wanda ba ki sani ba. Allah Ya sauki Habsatu lafiya, Ya bar mini ita, Ya raba ta da abin da ke cikinta kowa da ransa. In mace ce sunanki za a sa, kuma ita ma 'yar fari ce. Uwarta ta yi kunyarta in tana so, ni ina nan, idona yana kanta. Allah Ya ba mu masu duba mu a inda ba mu da kowa. Amin.

Ni ce baƙuwarki ta Dodoru,
'yarki ta fari,
Rabi.